Zanzaro Ba Rina Ba Ne: Mu San Mai Gini a Bangonmu

Duk wanda ya taɓa zama a zaure da hantsi lokacin damina ya san wannan ƙarar. Wani siririn zuuu ne ke tashi daga lungun azara ko bayan ƙyaure, ya ɗauke, can an jima ya dawo. In ka bi sautin da ido za ka tarar da baƙin ƙwaro mai dogayen ƙafafu da ƙugu siriri kamar zare, ya dafe bango yana shafa ɗan curin laka. Zanzaro ke nan. Mun saba da shi har mun ari sunansa mun ba ɗan makarantar da ya cusa riga cikin wando ya ɗaure ƙugu, muka ce ya yi zanzaro. Sai dai a gidaje da yawa sanin ya tsaya ne a kan suna. Da an hango gininsa a kusurwar ɗaki sai hankali ya tashi, a janye yara, a aika a sayo fiya-fiya, kamar dai gidan rina aka gani.

Wannan tsoron ba abin zargi ba ne. Wanda rina ta taɓa harbi a fatar ido ba ya tsayawa tambayar dangin kowane ƙwaro mai siririn ƙugu. Amma tsoron yana sa mu barin jaki muna dukan taiki, kuma maganin da muke ɗaukowa sau da yawa ya fi zanzaron haɗari nesa ba kusa ba. Don haka ya kamata mu fara sanin wane ne shi, da abin da yake yi a ɗakunanmu, kafin mu zo kan lokacin da ya dace a kira masu feshi.

Abu na farko, ko da yake harshenmu ya ɗauke shi namiji, mai ginin nan mace ce. Namijin ba ya gini, ba ya farauta, ba shi ma da ƙarin harbi. Macen ce ke komai, kuma ita kaɗai. Ba ta da sarauniya, ba ta da ma'aikata, ba ta da runduna irin ta zuma. Wadda muka fi gani a ɗakunanmu, baƙa mai ƙugu rawaya, masana ƙwari suna kiran jinsinta Sceliphron, kuma ana samunta a faɗin Afirka har zuwa kudancin Turai.

Na taɓa zama kusa da wurin alwala a gidanmu ina kallon ɗaya tana aiki, kuma ina ba duk mai shakka shawarar ya gwada. Takan sauka a gefen da ƙasa ta jiƙe, ta sunkuyar da kai, ta ɗaga bayanta sama, ta kankaro laka da baki tana mulmulawa da ƙafafun gaba har ta zama ɗan curi kamar ƙwayar dawa. Sai ta tashi da shi, ƙafafun baya na reto. Ƙarar nan da muke ji ba ta tashi ba ce, domin a lokacin fukafukanta a naɗe suke. Tsokar ƙirjinta take kaɗawa don lakar ta yi laushi ta shimfiɗu, tamkar yadda magini ke bubbuga siminti ya zauna. Sawu bayan sawu, gomiya bayan gomiya, har ta tayar da ɗaki guda mai tsawon gaɓar yatsa. In ka matsa kusa za ka ga layi-layi a jikinsa, kowane layi sawu guda ne. Na zauna ba fiye da taku biyu daga inda take ɗiba ba, ko kallo ban ishe ta ba.

In ɗakin ya tashi sai ta fita farauta, kuma abin farautarta gizo-gizo ne. Takan kama shi ta harbe shi, dafin ya shanye masa jiki ba tare da ya kashe shi ba. Ta ɗauko shi ta cusa cikin ɗakin, ta saka ƙwai guda ɗaya tak a jikinsa, ta ci gaba da kawo wasu tana dannawa da kai har ɗakin ya cika. Wani ɗakin 'yan kaɗan ne manya, wani kuma ƙanana ne da kan haura ashirin. Daga nan ta liƙe bakin da laka, ta soma wani a jikinsa. In ɗakunan sun taru takan bi su da yaɓe baki ɗaya, shi ne dunƙulen da muke gani kamar an jefi bango da taɓo.

Hikimar sumar da gizo-gizon a maimakon kashe shi ita ce kada naman ya ruɓe. Bayan 'yan kwanaki ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsa ta fito ta tarar da abinci ɗanye na jiranta. Ta cinye shi ɗaya bayan ɗaya, ta saƙa wa kanta wani siririn kwanso ruwan ƙasa kamar fatar ƙwayar gyaɗa, ta kwanta ciki har ta rikiɗe, sannan sabon zanzaro ya huda lakar ya fita. Daga nan ne zancen nan ya samo asali, wanda wasunmu suka ji tun suna yara, cewa wai zanzaro ba ya haihuwa, tsutsa yake ɗaukowa ya rufe ta zama ɗansa. Waɗanda suka faɗi haka sun lura da kyau, domin akwai wani danginsa mai gina ɗan ƙaramin tulu mai wuya, wanda shi tsutsar ganye yake tarawa, irin mai cin wake da kuɓewa. Sun ga tsutsa ta shiga, sun ga zanzaro ya fito. Ƙwan ne kawai ya ɓace musu, don ƙanƙantarsa. Ita uwar kuwa ba ta ganin 'ya'yanta, kuma abincinta galibi ruwan zaƙin furanni ne.

A nan ne bambancin zanzaro da rina yake, kuma shi ne abin da ya fi muhimmanci mu riƙe. Rina a taro take zaune. 'Ya'yanta suna cikin buɗaɗɗun ramuka, ana ciyar da su kullum, don haka kullum akwai masu gadi, kuma duk wanda ya girgiza gidan zai ji a jikinsa. Zanzaro kuwa ta riga ta zuba abinci ta rufe ƙofa, ba abin da za ta tsaya gadi. Dafinta na farauta ne, ba ta ɓarnatar da shi a kan mutum sai in an damƙe ta a hannu, ko an taka ta, ko ta maƙale cikin riga. Wani masanin ƙwari ɗan Faransa, Jean-Henri Fabre, wanda ya rasu a 1915, ya daɗe yana gwada wannan ƙwaro. Ya riƙa zare gizo-gizon da take kawowa tare da ƙwan, ita kuwa ta ci gaba da kawowa, daga ƙarshe ta liƙe ɗakin ba komai a ciki. Ya taɓa ɓamɓare ginin ɗungurungum, ta dawo da lakarta ta ci gaba da yaɓe gurbin. Ba ta bi shi da harbi ba. Ƙwaron da ake rushe wa gida bai tanka ba, ba shi ne zai far wa yaro yana wasa a tsakar gida ba.

Gane su ba wuya, gidan kawai za a duba. Na zanzaro na laka ne, a manne da bango, a rufe, ba kowa a kansa sai ita kaɗai in ta kawo kaya. Na rina kamar takarda yake, ruwan toka, yana rataye da ɗan siririn tsinke a ƙarƙashin kwano ko reshe, ramukansa a buɗe suna kallon ƙasa, kuma da wuya ka gan shi ba rinoni zaune a kai. Zuma kuwa ba ka cika ganin gidanta ba, sai dai ka ga ana shige da fice ta wani rami a silin ko bango ko kogon bishiya, ba ƙaƙƙautawa daga safe har yamma.

Zanzaro ba ya cin katako kamar gara, ba ya shiga abinci kamar kyankyaso, ba ya yaɗa cuta kamar sauro. Yawansa a gida ma yana gaya mana abu biyu ne: akwai gizo-gizo da yawa a kusa, kuma akwai wurin da ruwa ke kwanciya. Na biyun ya fi cancantar damuwarmu, domin inda zanzaro ke samun laka, sau da yawa a nan kusa sauro ke samun wurin ƙyanƙyasa.

To ina illarsa? Akwai, kuma bai kamata a ɓoye ba. Mafi sauƙi ita ce ƙazantar da bango da tabon da yakan bari a fenti, a labule, a bayan hoto, wani lokacin har cikin naɗin babbar rigar da aka rataye aka manta. Wadda ta fi wannan ita ce son da shi da danginsa ke yi wa rami da bututu. Duk wata kafa mai duhu da ruwan sama ba ya taɓawa gida ce a wurinsu: salansar janareta, injin ban-ruwan da aka jingine bayan noman rani, bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyaya ɗaki, ramin kwaɗo, soket ɗin da ba a amfani da shi, da bututun murhun gas. Na ƙarshen nan ya fi buƙatar lura. In laka ta tare hanyar da iska ke haɗuwa da gas, wutar takan koma ja ko rawaya maimakon shuɗiya, ta riƙa baƙanta tukunya, kuma irin wannan wutar tana fitar da iskar kabon monoksaid, wato gubar nan marar wari marar launi da ke kashe mutane a rufaffen ɗaki. Wani lokacin ma wutar takan koma baya ta kama a gindin bututun. Uwargidan da ta dawo daga doguwar tafiya ta ga wutar murhunta ta sauya launi, ta kashe, ta sa a duba bututun kafin ta ɗora tukunya.

Don mu ga iyakar abin da ɗan curin laka ke iya jawowa, mu tuna da jirgin saman kamfanin Birgenair na ƙasar Turkiyya. A ranar 6 ga Fabrairun 1996 jirgin, ƙirar Boeing 757, ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika zai nufi Jamus. 'Yan mintoci da tashinsa ya faɗa cikin Tekun Atalantika, mutum 189 da ke ciki ba wanda ya tsira. A jikin kowane jirgi akwai wasu 'yan ƙananan bututu masu fuskantar gaba, iskar da ke shiga cikinsu ita ke gaya wa matuƙi gudun da yake yi. Bincike ya nuna ɗaya daga cikinsu ya toshe, ya riƙa ba babban matuƙin lissafin ƙarya cewa jirgin na gudu fiye da ƙima, alhali gudun raguwa yake har jirgin ya kasa riƙe kansa a sama. Jirgin ya shafe kusan mako uku a ajiye, an kuma bar bakin bututun a buɗe na wani lokaci, kuma abin da masu binciken suka fi zargi shi ne ginin zanzaro. Abin da ya kamata a yi a can shi ne abin da ya kamata mu yi a gida, wato rufe bakin rami. Feshi ba zai hana wata ta zo gobe ba. Ɗan tsumma ko leda da aka ɗaure a bakin salansa ranar da aka ajiye inji ya wadatar, sai dai a tuna a cire kafin a tayar.

Akwai kuma wata al'ada da ta shafi lafiya. A sassa da dama na Afirka ana kwaɓa ƙasar gidan zanzaro a shafa a kan kumburi irin na hangum, wasu masu juna biyu kuma suna ɓantara su ci. Ya kamata mu tuna daga ina lakar ta fito: daga bakin kwata, daga gefen makewayi, daga inda dabbobi ke sha, ga kuma ragowar gizo-gizo da kashin tsutsa a ciki. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa take zaune. Don haka kada a kusanta wannan ƙasa da buɗaɗɗen ciwo ko miki, balle cibiyar jariri.

Cire ginin ba ya buƙatar magani ko kaɗan. A duba shi tukuna. In akwai 'yan ramuka zagayayyu a jikinsa, masu gidan sun riga sun fita, kango ne. In a rufe yake ruf, tsutsa ce a ciki, ba ta harbi. In kuma lakar da ɗanyenta, ana kan aiki ne, sai a bari uwar ta fita ko a jira dare. A sa cokalin gini ko tsohuwar wuƙa a ɓamɓare, a tara a abin kwashe shara, a goge tabon da jiƙaƙƙen tsumma da sabulu. Kada a firgita in gizo-gizo suka zubo, sumammu ne. Yana da kyau a cire tsofaffin gidaje, domin wasu ƙwarin sukan gaje su. Wanda ke can jikin katanga ko rumfar dabbobi ko bayan rumbu, inda bai tare wa kowa komai ba, ni dai shawarata a ƙyale shi, aiki yake mana kyauta. Wanda kuma ba ya son su a ɗaki, sai ya sa raga a taga, ya gyara famfon da ke ɗiga, ya buɗe wa ruwan wanke-wanke hanya, ya riƙa bin kusurwoyi da tsintsiya yana share yanar gizo. In ba laka ba abin farauta, da kansu za su sauya sheƙa. Babban haɗarin aikin ma tsani ne da kujerar da ake takawa, don haka a sami mai riƙewa.

Yanzu mu zo kan maganin da muke rugawa gare shi. Fiya-fiyar da ake sayarwa a 'yan kwalabe marasa suna, da Sniper da ire-irensa, sinadarin da ke cikinsu galibi shi ne daikulobos, wanda aka fi sani da DDVP. Guba ce mai kama jijiyoyi, kuma ba ta bambanta jijiyar ƙwaro da ta mutum. Tana shiga ta numfashi, tana shiga ta fata. Alamunta su ne dalalar miyau, gumi, hawaye, amai, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi, kuma yara ƙanana da masu asma ta fi saurin kayarwa. A 2019 hukumar NAFDAC mai kula da abinci da magunguna a Najeriya ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani na gona a kasuwanni da kantuna, amma kowa ya san har yau bai ɓace daga ɗakunanmu ba. Mu auna da kanmu: ƙwaro guda da ba ya neman kowa da faɗa, a gefe guda kuma guba da aka yayyafa a ɗakin da jariri zai kwana, kusa da kwanon abinci da randar ruwa. Ga shi kuma feshin ba ya kawar da busasshiyar laka, wato an sha guba, ginin na nan. Wannan shi ne gudun gara a faɗa gidan zago. Haka nan masu cinna wa gidan ƙwari wuta da tsumma da kananzir a ƙarƙashin rufin azara ko silin, kasada ce da ba ta da dalili.

Yaushe ke nan ya dace a nemi masu aikin? Na farko, in an duba an ga ba zanzaro ba ne. Babban gidan rina a bakin ƙofa, ko a ajin makaranta, ko a masallaci, ko inda yara ke wasa, ba aikin sanda da jifa ba ne. Zuma kuwa ta fi ƙarfin wasa. Irin tamu ta Afirka ta Yamma tana da zafin kare gidanta, takan fito da yawa ta bi mutum da nisa, kuma taron harbinta na iya kashe yaro ko tsoho ko dabbar da ke ɗaure. In ta tare a silin ko bango, mai kiwon zuma ya fi dacewa a fara nema, domin shi zai iya kwashe ta da rai ya mayar amya, ya cire saƙar baki ɗaya. In aka kashe ta da feshi aka bar saƙar a ciki, zuman zai narke ya ɓata silin ya tara kiyashi da ɓeraye, kuma wanda ya lasa ya lashi guba.

Na biyu, in a gidan akwai wanda harbin ƙwaro ya taɓa tayar wa borin jini mai tsanani. Irin wannan mutum kada ya taɓa ko da gidan zanzaro, wani ya yi masa. Na uku, in ginin yana inda hannu ba ya kaiwa cikin aminci, ko cikin akwatin wutar lantarki, ko cikin inji. A nan ma sau da yawa mai gyaran wuta ko makanike ake buƙata, ba mai feshi ba. Sai kuma wurare irin su asibiti, ɗakin ajiyar magani, gidan burodi da masana'antar abinci, inda yawan gine-ginen ke nuna akwai kafofin da ya kamata a toshe.

In za a kira mai feshi, a nemi wanda ya san aikinsa, kuma jami'an duba-gari na ƙaramar hukuma suna iya nuna wanda ke da rajista. Mu tambaye shi wane ƙwaro ne ya gani, wane magani zai sa, mu ga kwalbar da idonmu da lambar NAFDAC a jikinta, ya faɗa mana awa nawa za a yi kafin a koma ɗakin. A fitar da abinci da ruwan sha da kwanuka, a kwashe kaji, a buɗe tagogi bayan an gama. Wanda ya zo da jarka marar suna, bai ko ɗaga kai ya dubi gidan ƙwaron ba ya ce a fita zai feshe ko'ina, a ba shi haƙuri.

In kuwa tsautsayi ya sa an yi harbi, na zanzaro yakan yi zafi na ɗan lokaci ya wuce. A wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma ko ruwan sanyi, a cire zobe ko awarwaro tun kafin wurin ya kumbura. Zanzaro da rina ba sa barin ƙari a fata, zuma ce ke bari, kuma nata a kankare shi da farce nan take. Kumburi da ƙaiƙayi a wurin harbin na iya kai kwana biyu, ba abin tsoro ba ne. Abin tsoro shi ne in leɓe ko harshe ko maƙogwaro ya fara kumbura, ko murya ta dishe, ko numfashi ya yi wuya, ko borin jini ya feso a duk jiki, ko jiri ya kama mutum cikin 'yan mintoci. Haka nan in harbin a cikin baki ne, ko zuma ce ta yi wa mutum taron dangi. A nan ba a jiran a ga yadda za ta kaya, ba a tsayawa neman jiƙo. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ne ya tsananta a bar shi a zaune, a nufi asibiti mafi kusa, kuma da isa a gaya wa ma'aikata harbin ƙwaro ne da lokacin da aka yi shi, domin allurar adiranalin da ke ceton rai a irin wannan hali da wuri take aiki.